Hukuncin Gwada Ƙasa da Ruwa Kafin Gini ko Haƙa Rijiya a Arlit da Akokan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya sanya ruwa ya zama asalin rayuwa, Ya ajiye shi a ƙarƙashin hamada domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Mas'alar yau ita ce: fili ne da aka taɓa binne tankunan man fetur ko na gazuwal a cikinsa, ko tsohon gareji, ko wurin da ke kusa da tarkacen ma'adini, sai aka so a gina masallaci ko makarantar Islamiyya ko gida a kansa, ko a haƙa rijiya. Shin wajibi ne a gwada ƙasar da ruwan tukuna, ko kuwa ya isa a duba da ido, a shinshina, a ɗanɗana? Abin da nake gani shi ne gwajin wajibi ne a duk inda tarihin wurin ya sa ake da zato mai ƙarfi na cuta, kuma ɓoye wannan tarihi ga mai saye ko ga jama'a haramun ne. Ga dalilai, ku karanta da natsuwa.

Abin da muka karanta a zaure

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ana hukunta ruwa da siffofi uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Idan babu abin da ya canja daga cikinsu, ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa. Idan najasa ce ta canja shi, ba a ibada da shi, ba a girki da shi. Idan abu mai tsarki ne ya gauraya da shi har ya canja shi, kamar mai ko nono, ba ya inganta alwala, amma ana iya amfani da shi a al'ada. Idan kuwa ƙasar da yake kwance a kanta ce ta canja shi, kamar gishiri ko laka, yana nan a kan tsarkinsa.

Wannan ma'auni daidai ne, kuma ya isa ga abin da aka ajiye shi dominsa, wato ingancin alwala da wanka. Sai dai malamanmu ba su taɓa cewa duk ruwan da alwala ta inganta da shi ya halatta a sha shi ko da yana kisa ba. Hukuncin sha yana ƙarƙashin wani babi, babin cuta, kuma ƙa'idar shari'a a can ita ce ana gusar da cuta, ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Imam Malik ya kawo asalin wannan ƙa'ida a cikin Muwaɗɗa.

To ku dubi yadda abin yake a garinmu. Ruwan da man fetur ya gauraya da shi har warinsa ko ɗanɗanonsa ya canja, ya fita daga ruwan alwala, kuma shansa cuta ne. Ruwan da yuraniyom ya narke a cikinsa fiye da ƙima kuwa garau yake, ba launi ba wari, alwala ta inganta da shi, amma shansa shekara da shekaru yana lahanta ƙoda. Ido da hanci da harshe ba su da hukunci a nan. Dole a koma ga na'ura da masu saninta, kamar yadda Alƙur'ani ya umarce mu da tambayar ma'abota sani idan ba mu sani ba, a Suratun Nahli aya ta 43.

Abin da tsohon tanki ke bari a ƙasa

Tankin ƙarfe da aka binne yana tsatsa, bututunsa suna tsagewa, kuma a wurin zuba mai kullum ana ɗigar da wani abu. Yoyon da bai wuce ɗigo-ɗigo ba, idan ya yi shekara ashirin, ya zama ganguna. Man yana ratsa yashi yana gangarawa. Wani sashe ya maƙale a ƙasa, wani ya zama tururi ya taso ta tsagar daɓen ɗaki, wani kuma ya isa ga ruwa ya yi iyo a samansa domin ya fi ruwa sauƙi, yana narkar da dafinsa a hankali. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana tafiya, don haka dafin ba ya tsayawa a iyakar filin mai tankin. Yana bin hanyarsa zuwa rijiyar maƙwabci.

Mafi hatsari a cikin man fetur shi ne sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a kowace lita, maikirogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ku auna ƙanƙantar wannan. A shekarar 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya. A garin Nisisioken Ogale ta tarar mutane suna shan ruwan rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka iyakar sau fiye da 900, kuma an sami tataccen mai kaurin santimita 8 yana iyo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Akwai kuma dalma. A da ana zuba ta a cikin man fetur, kuma maƙwabciyarmu Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da irin wannan mai, a shekarar 2021. Kowa a nan ya san ta wace hanya ganguna da jarkoki suka daɗe suna shigowa. Shi mai yana iya ruɓewa a ƙasa bayan dogon lokaci, amma dalma ba ta ruɓewa. Tana zama a turɓayar da yaro ke wasa a ciki yana kai hannu baki. Abin da dalma ke yi wa yara mun gan shi a Zamfara a shekarar 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye suna ganin yara na suma suna cewa iska ce ko zazzaɓi, har sai da aka gwada jini da ƙasa. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa.

Halin da ƙasarmu ke ciki

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan 75,000. Shekara hamsin na manyan motoci da injuna da janareta, duk da gazuwal da man juye suke aiki, kuma kowannensu yana da wurin ajiya da wurin zubarwa. Ga tashoshin mai da garejin cikin gari da suka tashi aka mayar da filayensu gidaje.

Bayan wannan akwai abin da ya fi shi girma. A gefen Akokan, COMINAK ya bar tarkacen ma'adini kimanin tan miliyan 20. Cire yuraniyom daga dutse ba ya cire dafin duka, mafi yawan tiririn yana saura a cikin tarkacen. Akwai sinadarin radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya gushe, shi kuma yake haifar da iskar radon, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin manyan musabbaban sankarar huhu bayan taba. Shirin da kamfanin Orano na Faransa ya bayyana shi ne rufe tudun da yumɓu da dutse kaurin mita 2, a ci gaba da sa ido a kai shekaru bayan haka.

Ruwan da muke sha kuwa ajiyayye ne tun dubban shekaru, tun lokacin da wannan hamada take da damina da tafkuna. Masana suna kiran ɗaya daga cikin ma'ajiyarsa Tarat. Ɗan ruwan saman da muke samu ba ya mayar da abin da aka zuƙe, kuma ba ya wanke abin da ya gurɓace. Wanda ke bakin kogin Kwara, idan ruwa ya ɓaci yau, gobe wani ya zo. Mu abin da muka ɓata, shi za mu bar wa jikoki.

Ta yaya aka san akwai matsala? Ta hanyar gwaji. Wani ɗan garin nan, Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAIR, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghirin'man, suka gayyato ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, wanda ya zo a watan Disamba 2003. Binciken ya nuna gurɓacewa a ruwan wasu rijiyoyi, da ƙarafa masu tiriri da ake sayarwa a kasuwa, daga baya kuma aka rufe wasu rijiyoyin. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta fitar da rahotonta a 2010: cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka a yankin Arlit, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin, kuma a wani wuri a titin Akokan tiririn ya ninka na al'ada kusan sau 500, saboda an yi ciko da duwatsun ma'adini. Kamfanin ya yi jayayya da wasu daga cikin waɗannan maganganu, ya ce yana bin ƙa'ida, amma an bi tituna da na'ura an kwashe wuraren da aka samu. Adalci ya sa a faɗi ɓangarorin biyu. Abin lura shi ne mutane sun yi shekaru suna taka wannan titi zuwa masallaci da kasuwa, babu wanda ƙafarsa ta gaya masa komai.

A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mai kamfani ya canja, ƙasa da ruwa suna nan yadda suke. Abin da muka nema a wurin baƙo na bayyana sakamakon gwaji, ya fi cancanta mu neme shi a wurin namu, da ladabi da bin hanya, domin amanar ta dawo hannun ƴan ƙasa.

Yadda gwaji na gaskiya yake

Ku san wannan domin kada a yaudare ku da takarda. Ana farawa da tarihin wuri: a tambayi dattawan unguwa da tsofaffin ma'aikata da ofishin magajin gari, ina tankin yake, shekara nawa ya yi, an tono shi ko yana nan binne, daga ina aka kawo ƙasar ciko. Sannan a huda ƙasa a wurare da dama, kusa da tankin da bututu da wurin zuba mai, a ɗebi samfuri a zurfi daban-daban, domin saman ƙasa yana iya zama lafiya alhali mita uku ƙasa ta jiƙe da mai. Idan ana shakkar ruwa, a ɗeba daga ɓangaren da ruwan ke fitowa da ɓangaren da yake gangarawa, a kwatanta. Samfurin da za a nemi benzin a ciki ana cika shi a kwalbar gilashi ba tare da iska ba, a rufe, a sanyaya, a kai da wuri, domin benzin yana tashi. Ruwan da aka ɗura a tsohuwar roba aka ɗora a mota cikin zafin Afrilu har Yamai ba zai faɗi gaskiya ba.

Kuma ɗakin gwaji ba ya samun abin da ba a ce ya nema ba. Takardar da ta ce babu ƙwayoyin cuta ba ta ce komai ba a kan mai ko dalma ko yuraniyom. A nemi kowanne da sunansa. Iyakar yuraniyom a ruwan sha a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ita ce maikirogiram 30 a lita. Ku tuna da Tibiri ta Maraɗi, inda aka haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar shekarun 1980 da niyyar alheri, ruwa garau, ashe sinadarin fulorayid ɗinsa ya ninka iyaka. Sai da aka shafe kusan shekara goma sha biyar, haƙoran dubban yara suka lalace, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe, kafin a gane. Haka nan ku sani tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire yuraniyom ko dalma, sai ma ta ƙara musu kauri domin ruwan ne ke ƙonewa.

Ƙasarmu tana da wuraren da za a nufa: ma'aikatar ruwa da ta muhalli a matakin jiha da gunduma, da ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX a Yamai, da hukumar ARSN mai kula da tsaron nukiliya, da cibiyar binciken tiririn ma'adinai ta Jami'ar Abdou Moumouni.

Amsa ga masu uzuri

Wani zai ce: ajali ba ya wuce lokacinsa, mu dogara ga Allah. Gaskiya ne ajali a hannun Allah yake. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya kai Sarga a hanyarsa ta zuwa Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Wani zai ce: shekara arba'in muna shan wannan ruwa, ga mu da rai. Irin wannan dafi ba ya kayar da mutum rana ɗaya kamar kwalara. Yana taruwa ne, kuma ya fi cin jariri da mai ciki. Mai rai shi ke ba da shaida, wanda ya rasu ba a tambaye shi ba.

Wani zai ce: gwaji da tsada. Ku kwatanta da kuɗin siminti da ƙarfen da za a zuba a kan filin, ko kuɗin injin haƙa rijiya, ko kuɗin wankin ƙoda da ɗaukar marar lafiya zuwa Yamai. Asalin hukunci shi ne wanda ya ɓata shi ke da lamunin gyara. Idan ba a same shi ba, sai nauyin ya koma kan hukuma da jama'a, farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya ta sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Wani zai ce: idan na faɗa, filina zai faɗi a kasuwa. Ya ɗan'uwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Imam Muslim ya ruwaito ƙissar. Tankin da aka binne aka share samansa ya fi wannan ɓoyuwa. A fiƙihunmu mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma dillalin da ya sani ya yi shiru abokin tarayya ne a zunubin.

Wani kuma zai ce: ma'adinin nan shi ke ciyar da mu, kada a tayar da magana. Neman gwaji ba gaba ce da aiki ba. Ƴaƴan ma'aikacin ma daga wannan pampo suke sha.

Gargaɗi ta ɗaya gefen

Kamar yadda ɓoye aibi yake haramun, haka ƙirƙirar sa. Kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya riƙa tura saƙon murya yana cewa rijiyar wane guba ce, ko masallacin unguwa kaza a kan dafi yake, ba tare da takardar gwaji ba. Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci. Asalin ƙasa da ruwa tsarki ne da halacci, kuma sallar da aka yi a kan tsohon filin tanki ingantacciya ce. Ba kowane fili ne ke buƙatar gwaji ba, sai wanda tarihinsa ya ba da dalilin zato. Wasuwasi ba taƙawa ba ne.

Abin da nake kira gare shi

Na farko, kwamitin masallaci ko na makaranta kada ya karɓi kyautar fili ko ya saya sai ya rubuta tarihin wurin da shaidu biyu daga dattawan unguwa. Idan an taɓa ajiye mai ko tarkacen ma'adini a wurin, a dakatar da gini har a gwada.

Na biyu, mai niyyar sadaka mai gudana ta rijiya ya sa kuɗin gwaji cikin kuɗin rijiyar tun farko, a gwada kafin a buɗe wa jama'a, a maimaita lokaci zuwa lokaci. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya ba Musulmin Madina domin ruwanta mai daɗi ne mai amfani. Ladan yana cikin shayar da abin da ke rayarwa.

Na uku, sakamakon gwaji a liƙa shi a bakin rijiya ko ƙofar masallaci, a karanta wa jama'a da Hausa da Tamajeƙ, kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya.

Na huɗu, magina da masu tifa su san inda suke ɗebo ƙasar ciko da dutse. Maƙera da masu sayar da tsofaffin ƙarafa su guji abin da ya fito daga ma'aikatar ma'adini ba tare da an auna shi ba. Gangar da ta taɓa ɗaukar mai ko sinadari kada ta zama randar ruwan sha.

Na biyar, masu gareji da masu sayar da mai su daina zubar da man juye a ƙasa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, alhali fitsari yana ruɓewa. Yaya kuma abin da zai zauna shekaru a ruwan da ba shi da magaji?

Na shida, wanda ya ji warin mai a ruwan rijiyarsa, ko ya ga wani maiƙo mai launi a samansa, ya daina sha da girki da alwala da shi nan take, ya sanar da maƙwabta da ma'aikatar ruwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na bakwai, iyaye ku tura ƴaƴanku su karanci ilimin ƙasa da ruwa da sinadarai, a Jami'ar Agadas ko ta Yamai. Garin da dole sai baƙo ya zo daga ƙetare kafin ya san abin da ke cikin rijiyarsa, akwai farillar da bai sauke ba.

Allah Ya jiƙan ma'aikatanmu da suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana ruwanmu da zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai iya karatu ba, musamman iyayenmu mata da ke ɗiban ruwa da girki.